Kifin da ya kafa tarihi: yadda ake tabbatar da babban kamu kafin ya shiga tukunya

Daga ƙarshen sanyi zuwa tsakiyar bazara, lokacin da ruwan tabkuna ke ja da baya a jahar Maradi, hotunan manyan kifaye kan fara yawo a wayoyin salula. Za a ga saurayi rungume da tarwaɗa mai kai kamar turmi, yara sun kewaye shi, an rubuta a ƙasan hoton cewa ba a taɓa kama irinta ba a yankin. Kafin la'asar hoton ya zaga Tasawa da Mayahi ya isa Maradi, kuma duk wayar da ya sauka sai nauyin kifin ya ƙaru. Wanda ya bar bakin ruwa da kilo 12 yakan shiga birni da kilo 30. Shi kuwa kifin tuni an yanyanka shi, an soya, an cinye, ba abin da ya rage sai gardama.

Masuncin da ke son a yarda cewa kamunsa ya zarce na kowa a wani tabki yana bukatar abin da ya fi hoto da rantsuwa. Akwai wuraren da aka daɗe da tsara wannan aiki, daga Argungu har Amurka, kuma yawancin ƙa'idodinsu ba su fi ƙarfin mutumin ƙauye ba.

Wane ruwa, wane kifi

Gundumomin Tasawa da Mayahi ba ƙasar kogi ba ce. Gulbin Kaba da ya ratsa su kwari ne na goriba da gonaki, wanda ruwa bai cika gudu a cikinsa ba. Sun da ake yi a nan na tabkuna ne da damina ke cikawa: wasu su ƙafe tun kafin zafi ya kankama, wasu ƙalilan su riƙe ruwa har wata damina. Kifin da ke cikin da yawansu zuba shi ake yi, domin ma'aikatan kare muhalli da ƙungiyoyin raya karkara sukan kawo ƴaƴan tarwaɗa da na karfasa su saka bayan ruwa ya taru. Babban ruwan jahar yana kudu, wato tabkin Madarunfa, wanda aka shigar cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar a watan Disamba na 2019.

Wannan bayani na da amfani ga mai sauraron labarin babban kifi, saboda girma lokaci yake ci. Tabkin da ke ƙafewa kowace shekara ba ya ba kifi damar wuce ƴan watanni. Tarwaɗa mai kilo goma ta shekara da shekaru a ruwan da ba ya yankewa. Giwan ruwa, wanda masu Faransanci ke kira kapiten, yana iya kaiwa tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, amma sai a ruwa mai zurfi da ƙananan kifayen da zai riƙa ci. In aka ce an ciro giwan ruwa mai nauyin buhun siminti daga kududdufin da yara ke buga ƙwallo a cikinsa a watan Afrilu, to, ruwa ba ya tsami banza.

Kuma kowane irin kifi da nasa lissafi. Ba a gwada karfasa da giwan ruwa, kamar yadda ba a gwada akuya da raƙumi a kasuwar dabbobi. Karfasar da ta kai kilo 3 abin nunawa ce, giwan ruwa mai kilo 3 kuwa yaro ne. Inda aka fi samun ruɗu shi ne tsakanin tarwaɗa da ramboshi, domin kai da gashin baki duk iri ɗaya ne. Bambancin yana gadon baya. Tarwaɗa fiffike ɗaya gare ta, dogo, tun daga bayan kai har kusa da wutsiya. Na ramboshi kashi biyu ne: na gaba mai ƙaya-ƙaya, na baya tsoka zalla. Shi ya sa hoton da ya nuna kai kaɗai ba ya raba gardama.

Sai gaiwa, wadda ita shari'arta daban ce. Idan ruwa ya ƙafe takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi kwanciyarta tana shaƙar iska har ruwa ya dawo. Wanda ya tono ta da fartanya a busasshen tabki, su ya yi ko farauta? Duk mai shirya gasa ya kamata ya yanke wannan tun kafin a fara.

Darasin Argungu

A ƙasar Hausa babu inda auna kifi ya zama al'amarin sarauta da kuɗi kamar Argungu, a jahar Kebbi ta Najeriya. Bikin a siffarsa ta yanzu ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Ranar gasa dubban masunta ke rugawa cikin ruwan Matan Fada da homa da gora, a ba su kamar awa guda, wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwarzo.

Abin lura a nan shi ne an kulle ƙofofin gardama tun da wuri. Ruwan guda ne, kuma an hana su a cikinsa kafin ranar. Lokacin farawa da na tashi sananne ne. Kayan aikin iri ɗaya ne ga kowa. Sikeli ɗaya ake ɗora dukan kifayen a kai, a bainar jama'a, gaban sarakuna da manyan baƙi. Ta haka aka san cewa kifin da ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75, na 2020 kuma, da aka dawo da bikin bayan kusan shekara goma ba a yi ba, ya kai kilo 78. Kyautar ba ƙarama ba ce: motoci, kujerun Makka da miliyoyin naira.

Duk da haka an taɓa shammatar alƙalai. A 2008 an ba wani masunci kambu a kan kifi mai kimanin kilo 66, daga baya bincike ya nuna cewa kifin ya riga ya mutu kafin a fito da shi daga ruwa, wato shigo da shi aka yi daga wani wuri. Aka ƙwace kambun, aka kama mutumin. Sikelin bai yi ƙarya ba, nauyin gaskiya ne. Abin da aka yi wa ƙarya shi ne wuri da lokaci. Don haka tabbatar da kamu tambayoyi huɗu ne a haɗe: nawa ya auna, wane iri ne, a ina aka kama shi, wa ya kama shi kuma da me. Kowace ta faɗi, sauran sun bi ta.

Gane kifin da ya kwana ba ya bukatar likita, duk mai sayar da kifi ta san shi. Sabon kamu matsatsin numfashinsa da ke gefen kai jajaye ne jawur, idonsa garau, in aka danna tsokarsa da yatsa sai ta dawo. Wanda ya jima da mutuwa wurin ya koma ruwan ƙasa, ido ya dushe ya faɗa ciki.

Maguɗi kuma ba halin talaka kaɗai ba ne. A ƙarshen watan Satumba na 2022, a wata gasa a tabkin Erie da ke Amurka, alƙalin gasar ya ga nauyin kifayen wasu mutum biyu ya fi girmansu. Da ya farke cikinsu sai ga dunƙule-dunƙulen darma da yankan naman wani kifi. Kotu ta ɗaure su kwana 10, aka kuma ƙwace jirgin ruwansu.

Kundin duniya da ƙa'idodinsa

Kundin da aka fi yarda da shi a duniya yana hannun ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939, mai mazauni a jahar Florida ta Amurka. A cikinsa giwan ruwa mafi nauyi shi ne mai kilo 104.32, wanda William Toth ya kama a tabkin Nasir na ƙasar Masar ranar 20 ga Disamba 2000.

Mai son shiga wannan kundi takarda yake cikewa, ya sa hannu, ya haɗa da sunayen shaidu. Dole a auna kifin a tudu, a kan sikelin da wata hukuma ta tabbatar da ingancinsa cikin watanni 12 da suka wuce. Ba a karɓar awon da aka yi cikin jirgi, saboda motsin ruwa na wasa da allura. Idan allurar ta tsaya tsakanin layi biyu, na ƙasa ake ɗauka, ba a kintace. Igiya ko buhun da aka rataye kifin da shi, a cire nauyinsa. Ana bukatar hotunan kifin gaba ɗayansa, da na mai kamun, da na sandar fatsa, da na sikelin, sannan a aika da guntun zaren da aka yi kamun da shi don a gwada ƙarfinsa. Wanda ya yi kamu a wajen Amurka kwana 90 gare shi kafin takardunsa su isa.

Akwai wata ƙa'ida da ta cancanci a tsaya a kanta. Bai isa sabon kifi ya ɗara tsohon da ɗan kaɗan ba. Idan tsohon bai kai kilo 11.33 ba, sai sabon ya fi shi da giram 57 a ƙalla. Idan ya kai ko ya wuce, sai ya fi shi da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wato mai son ture giwan ruwan tabkin Nasir sai ya ƙara sama da rabin kilo. Dalili kuwa shi ne babu sikeli biyu da ke faɗin magana ɗaya daidai wa daida. Wannan ƙa'ida ta yi aiki a kan wani kifin ruwan daɗi mai faɗin baki da ake kira bas. George Perry ya kama mai kilo 10.09 a jahar Jojiya a 1932. Bayan shekara 77, Manabu Kurita ya kama mai kilo 10.12 a tabkin Biwa na ƙasar Japan. Giram 30 ne tsakaninsu, sai ƙungiyar ta ce kunnen doki aka yi, har yau sunayen biyu na jere.

Sai dai wannan kundi na masu su don nishaɗi ne, da sandar fatsa mai ƙarfen naɗe zare. Kifin da aka kama da taru, kalli, birgi, homa ko mamari ba ya shiga. Idan wani ya taɓa sandar ko zaren yayin da ake fama da kifin, kamun ya ɓaci. Haka nan ba a karɓar kifin da ya fito daga gidan kiwon kifi ko ƙaramin ruwan da aka zuba wa kifi don kasuwanci. A taƙaice, ga mafi yawan masuntan Tasawa da Mayahi, waɗanda su sana'a ce a wurinsu, ƙofar a rufe take. Abin ɗauka a wurin IGFA shi ne hanyar awo da shaida, wadda ke aiki a kowane bakin ruwa.

Awa ɗaya ta farko

Babbar matsalar masuncinmu rana ce. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, ƙanƙara ba ta samuwa a ko'ina, mai saye kuma na tsaye da kuɗinta tana jiran ta kai wa mai. Kifin da aka bari a fili yana tsanewa, nauyinsa na raguwa, farashinsa na faɗuwa. Ba wanda zai ce wa magidanci ya bar abincin iyalinsa ya ruɓe don neman suna. Saboda haka duk abin da za a yi, a yi shi cikin awa guda.

Na farko, kada a farke ciki, kada a cire kai, kada a kankare. A lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, a sa a inuwa. A kira shaidu tun a bakin ruwa, kuma su zama mutanen da ba su da rabo a cikin kifin: sarkin ruwa ko wakilinsa, mai gari, malamin makaranta, ma'aikacin gandun daji in yana kusa. Shaidar ƙane ko abokin jirgi ba ta da nauyi, ko da gaskiya ya faɗa. Idan kamun na taru ne da mutum shida suka ja, a rubuta shi da sunan su shidan tun a nan, domin rigimar wa ya kama takan taso ne bayan an ji akwai kyauta.

Sai sikeli, kuma nan ne gizo ke saƙa. Kasuwanninmu sun saba da tiya da kashi-kashi, kifi ma da ido ake yi masa kuɗi. Sikelin da ke kusa yakan zama na mahauci ko na mai sayen wake, wanda ya sha rana da ƙura. A hukumance aikin tabbatar da ma'aunai na hukumar ANMC ne, amma ba a jiran ta da ɗanyen kifi a hannu. Akwai gwaji mai sauƙi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A auna bido babu komai, a zuba masa lita 10 da ma'aunin da aka yarda da shi, a sake aunawa. In bambancin bai ba da kilo 10 ba, an san inda sikelin ya karkata. A yi wannan gwaji gaban shaidu, kafin a ɗora kifin. In da hali a auna a sikeli biyu, a rubuta ƙaramin adadin.

Tsawo ya fi nauyi wuyar maguɗi, kuma tef ɗin tela ya isa. A kwantar da kifin a shimfiɗa, bakinsa rufe, a auna daga ƙarshen baki zuwa ƙarshen wutsiya, sannan a zagaya tef a inda cikinsa ya fi kauri. Waɗannan lambobi biyu suna tsare na ukun. Masunta a ƙasashe da dama na amfani da wani lissafi na kintace: a ninka kauri da kansa, a ninka da tsawo, duka a santimita, a raba da 29,000. Kifi mai tsawon santimita 100 da kaurin 60 zai ba da kilo 12 da ɗoriya. Lissafin ba ya maye gurbin sikeli, kuma yakan kauce a kan dogayen kifaye irin su gaiwa, amma in an ce wannan kifin kilo 30 ne, an san da sake. Haka kuma nauyi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawo: kifin da ya ninka wani sau biyu a tsawo yakan ninka shi kusan sau takwas a nauyi. Wannan ne ya sa ido ke yawan ruɗin mutum.

Game da hoto, kowa ya san dabarar miƙa kifi gaba zuwa ga waya har ya rufe ƙirjin mai riƙe da shi. Irin wannan hoton na ado ne. Na shaida shi ne wanda aka ɗauka daga sama, kifin a kwance, tef a gefensa, lambobi na karantuwa, fiffiken baya a buɗe. Abin da ya fi duka shi ne bidiyo ɗaya marar yankewa, da zai fara da sikeli a kan sifiri, ya nuna ɗora kifin, ya nuna allura, ya juya ya nuna tabkin da fuskokin shaidu, wani ya faɗi ranar da sunan wurin da baki. Bayan an gama, a farke cikin gaban su waɗannan shaidu. Minti biyu ne, kuma yana kashe zancen dutse ko darma har abada. Daga nan mai saye na iya ɗaukar kayanta.

Ina za a kai takardar

Tun dokar ranar 7 ga Disamba 1998 da ta tsara sha'anin su a Nijar, ƙasa ta bambanta izinin su na kasuwanci, na nishaɗi da na binciken kimiyya, ta kuma haramta kamu da guba ko abin fashewa. Wanda ba shi da permi, ko ya yi kamu lokacin da aka rufe tabki, ya sani cewa takardar da zai kai shaida ce a kansa. IGFA ma ba ta karɓar kifin da aka kama ta hanyar saɓa dokar wurin.

Ga wanda takardunsa ke daidai, ƙofar da ta fi kusa ita ce ofishin kare muhalli na gunduma, a Tasawa ko a Mayahi, inda ma'aikatan gandun daji masu kula da tabkuna suke, sai kuma ofishin magajin gari. A rubuta a takarda ɗaya: sunan mai kamu, sunan tabki da ƙauyen da ke kusa, rana da awa, irin kifi, nauyi, tsawo, kauri, kayan da aka yi kamun da su, mai sikelin, sunayen shaidu da sa hannunsu ko dangwalen yatsa. A yi kofi biyu, a nemi a buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a koma da shi gida.

Wani zai ce wahalar ta fi ladan, tunda babu mota ko kujerar Makka a ƙarshenta. Amma irin wannan takarda na da wani amfani da ya shafi kowa. Girman kifin da ke fitowa daga tabki yana faɗin lafiyar tabkin. Idan shekara biyar a jere babbar tarwaɗar wani ruwa tana raguwa, daga kilo 8 zuwa 5 zuwa 2, to ko dai ana kwashe kifin kafin ya girma da taru mai ƙananan idanu, ko rairayi da kacalla na cinye zurfin ruwan. Ƙungiyar masuntan da ta je neman a yashe mata tabki ko a zuba mata iri, riƙe da littafin awo na shekaru, ta fi wadda ta je da “a da kifi ya fi haka” samun kunnen hukuma. Abin da ake bukata bai wuce littafi ɗaya, tef ɗaya da sikelin rataye ɗaya a hannun sarkin ruwa ko shugaban ƙungiya ba, kuma da wuya a ce wannan ya fi ƙarfin kasafin kowace ƙaramar hukuma.

Akwai kuma batun manyan matan kifi, waɗanda ƙwansu ya ninka na ƙanana nesa ba kusa ba. Tun 2011 IGFA ta buɗe wani sashe na tsawo kaɗai, inda ake auna kifin a kan ma'auni, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa da ransa. A tabkin da zai ƙafe nan da wata biyu wannan ba shi da ma'ana, gara a ci. Amma a ruwan da ke kaiwa wata damina, tarwaɗa na iya jure ƴan mintocin awo a jiƙaƙƙen buhu ba tare da ta galabaita ba, domin tana shaƙar iska. Sakin ta ko sayar da ita shawara ce da ƙungiyar masuntan kowane tabki za ta yanke, tare da faɗin wanda zai biya mai kamun kuɗin kifin da ya saki.